Shekarar da Aka Ce Na Hana Ruwa

Ranar Talatar da ta wuce ɗaya daga cikinku ya tsaya a bayana yana kallon kwamfutata. Ya ga na danna maɓalli, ya ga ta ɗan yi nazari, sannan ta rubuto cewa ba ta sami kuskure ba. Sai ya ce, "Malama, ashe aikin ke nan?" Ban ba shi amsa ba a lokacin, don ana kiran la'asar. Amma tun da ku aka turo mini in koya wa wannan sana'a, kuma na lura yawancinku haka kuke zato, bari in ba ku labarin yadda na koye ta da abin da na gani a cikinta.

Ku kun iya rubuta manhaja, wasunku ma sun fi ni sauri. Kuna rubutawa, ku gwada, in ta yi aiki ku ce ta yi. A mafi yawan wurare hakan ya isa. Mu ana nemanmu ne inda na'ura biyu ko uku suke aiki a lokaci guda, kowace da saurinta, suna aika wa juna saƙo, kuma in suka saɓa sau ɗaya wani zai ƙone ko ɗakinsa ya rushe. A irin wannan wuri gwaji ba ya wadatarwa, domin abin da ya faru a ranar da ka gwada kawai yake gaya maka. Aikinmu shi ne mu rubuta ma'anar kowane umarni da lissafi, yadda mutum biyu ba za su fahimce shi daban ba, mu rubuta abin da bai kamata ya taɓa faruwa ba, sannan mu kafa hujja cewa duk yadda matakan na'urorin suka jeru, abin nan ba zai faru ba.

A hannun Kawu Bukar na koya, ƙanin mahaifiyata. Ya yi shekaru masu yawa a Turai yana irin wannan aiki a kan na'urorin hanyar jirgin ƙasa. Da ƙarfinsa ya fara raguwa ya tattaro ya dawo Haɗejiya, ya sa aka shafa baƙin fenti a bangon zaurensa, ya ci gaba da karɓar aiki daga nan, lokacin da wayar salula ta fara shigowa garin. Ni kuma ina koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, da aurena da 'ya'ya biyu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Amina, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini, ko da faɗa yake yi mini.

Ranar farko bai kai ni gaban allon ba. Tsakar gida ya kai ni, inda 'yan mata biyu na maƙwabta suke lugude, suna surfa gero a turmi ɗaya. Ya miƙo mini alli da ɗan allon hannu ya ce, "Uwata, rubuta mini abin da yarinyar nan take yi."

Na rubuta: ta ɗaga taɓarya, ta sauke.

"To me ya hana taɓaryarsu karo?"

"Kowace tana lura da ta 'yar'uwarta, Kawu."

"Ban ga lurar a allonki ba."

Na gyara: ta ɗaga, ta duba turmi, in babu taɓarya a ciki ta sauke. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Tsakanin dubawa da saukewa me zai iya faruwa?"

Na ce babu komai, ai nan take ne.

"Nan take na wa? Naki ko na ɗaya yarinyar? In dukansu suka duba tare, suka ga turmi ba kowa fa?"

Ya ce yaran nan amon dakan ne yake riƙe su, tare suka tashi, kunnensu ɗaya. Na'urori ba su da amo guda. Kowace da agogonta, kuma ba ta san lokacin da 'yar'uwarta za ta motsa ba. Ya ce duk abincinmu a wannan ɗan tsakanin yake.

Na kusa shekara ina zuwa zauren nan bayan an tashi makaranta, bai bar ni na taɓa kwamfuta ba. Alli ne da tsumma. Watannin farko duk a kan ma'ana suka tafi. Sai ya rubuta "aika saƙo" a allo ya ce in gaya masa me ake nufi. Saƙon ya isa ne, ko tashi kawai ya yi? Zai iya ɓata a hanya? Zai iya isowa sau biyu? Na baya zai iya riga na gaba? Kowace amsa sai na rubuta ta da alamomin lissafi, kuma kowace takan canza abin da za a iya tabbatarwa daga baya. Akwai magana ɗaya da ya haramta a zauren, ita ce "ai a bayyane yake". Duk ranar da ta kuɓuce mini, sai ya miƙo mini tsumma in goge allon daga sama har ƙasa in sake. Matarsa Inna Falmata takan kawo mana kunun tsamiya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ni dai ban taɓa ganin mutane masu gardama a kan abin da bai faru ba irinku." Kawu yakan ce, "Shi ya sa bai faru ba, Falmata."

Sai daga baya ya nuna mini manhajar da kuka ga na danna. Mu a zauren "mai bin sawu" muke ce mata. Ba ainihin manhajar abokin ciniki ake ba ta ba. Kai ne za ka zauna ka gina ɗan ƙaramin kwatankwacin tsarin, ka gaya mata abin da aka haramta, ita kuma ta bi kowane jerin matakai da zai yiwu, ɗaya bayan ɗaya. In ta sami hanyar da ta kai ga abin da aka haramta, sai ta zayyano maka sawun tun daga matakin farko. Wahalar ita ce hanyoyin ba ƙaruwa suke yi ba, ninkuwa suke yi. Ka ƙara na'ura ɗaya, aikin da take gamawa kafin ka sha ruwa sai ya wuni, ya cinye ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta tsaya cik. Kwamfutar Kawu kuwa tsohuwa ce. Da bazara sai mun ɗora ta kan bulo biyu, mun rataya jiƙaƙƙen buhu a taga, in ba haka ba ta yi zafi ta kashe kanta ana tsakiyar aiki. Don haka dole ka san abin da za ka zubar daga kwatankwacin. Ka zubar da kaɗan, aiki ba zai ƙare ba. Ka zubar da yawa, ka zubar har da kuskuren, ta ce maka komai lafiya. Wannan babu maɓallin da yake yi maka shi. Kuma abin da ya fi ƙarfinta, irin tsarin da ba a san yawan na'urorinsa ba, allo ake komawa a kafa hujjar da hannu.

Aikin farko da Kawu ya sakar mini na wani kamfanin shinkafa ne a bakin gari, na Alhaji Garba. Akwai babbar tukunyar ƙarfe da ake turara shinkafa a ciki kafin a busar a casa. Ƙaramar na'ura ɗaya tana kula da famfon tururi, wata kuma tana kula da sakatar murfi. Wani matashin injiniya ɗan Kaugama, Sa'adu, shi ya haɗa su, kuma aikinsa mai tsafta ne. Na'urar murfi takan duba ko tururi a kashe yake kafin ta zare sakata. Ta tururi takan duba ko sakata a rufe take kafin ta saki tururi. Da na gina kwatankwacin, mai bin sawu ba ta daɗe ba ta fito da hanya: dukansu su duba a lokaci guda, kowace ta ga lafiya, sai wannan ta zare sakata, waccan ta saki tururi.

Alhaji Garba bai ji daɗi ba. Ya ce, "Malama, mun gwada abin nan har mun gaji, bai taɓa yi ba."

Ban yi masa bayani da takarda ba. Na roƙi ma'aikata biyu, na ce wannan shi ne murfi, wancan shi ne tururi, na juya su baya da baya. Na ce kowa ya tambayi ɗan'uwansa ko hannunsa a ƙasa yake, in ya ji e, sannan ya ɗaga nasa. Na sa suka tambaya tare. Hannu biyu suka tashi sama. Alhaji ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce a hankali, "Wanda yake tsayawa a bakin murfin nan ɗan ƙanwata ne."

Sa'adu ya koma ya gyara a ranar. Ya sa kowace na'ura ta fara sanar da niyyarta, sannan ta jira ɗayar. Ya kawo mini da fara'arsa. Mai bin sawu ta nuna yanzu ba wanda zai ƙone, amma in suka sanar tare sai su yi cirko-cirko, kowace tana jiran 'yar'uwarta, shinkafa na daɗa jiƙa a tukunya. Ya dafe kai yana dariya. Muka zauna tare muka yanke cewa in an yi kiciɓis tururi ne zai janye, muka tabbatar. Tun daga ranar ya daina ce mini Malama, ya koma Yaya Amina, kuma ba ya haɗa wani abu mai haɗari bai kawo mini ba.

Abokan ciniki iri-iri ne. Yawancin aikin da ya riƙe mu daga waje yake zuwa, daga mutanen da ban taɓa gani ba sai a fuskar kwamfuta. Akwai wata mata mai haɗa na'urorin ƙarin ruwa na asibiti da muka yi shekaru muna aiki tare. In na turo mata kuskure godiya take yi, har ta tambayi lafiyar Kawu. Akwai kuma masu son sa hannu kawai, su kai wa wanda ya nema. Waɗannan tun a gaisuwa ake gane su, domin tambayarsu ta farko ita ce yaushe za a gama, ba su taɓa tambayar me za a duba ba.

Shekarar da ta fi kowace wuya a gida ta same ni. Wata ƙungiyar manoman rani a wajen Miga ta sami tallafi aka kafa mata famfuna masu aiki da hasken rana. Famfunan suna ɗebo ruwa daga kogi su cika manyan tafkuna biyu, na gabas da na yamma. Kowane tafki da ƙofarsa, kuma dukansu cikin magudana guda ta ƙasa suke zuba, wadda ta ratsa ta gefen wani ƙauye kafin ta isa gonaki. Magudanar ruwan ƙofa ɗaya take iya ɗauka. In biyu suka buɗe tare ruwan zai haura ya ci gefen, kuma a ƙasan gefen nan ɗakunan ƙasa ne da rumbuna. Wani akwati a ofishin ƙungiyar shi yake ba ƙofofin izini bi da bi, ta hanyar layin waya. Sa'adu ne ya haɗa. Masu tallafin suka ce ba za a kunna ba sai wani daga waje ya duba ya sa hannu. Shugaban ƙungiyar kuwa Yaya Haruna ne, wan maigidana, shi ya ce a kawo mini, tun da ga ni a gida.

An kawo aikin a makare, ruwan ambaliya ya riga ya janye, ana gyaran gonakin alkama. Mutane da yawa sun sayar da ƙananan injinansu na ban-ruwa saboda tsadar fetur, sun dogara da sabon tsarin.

Ga abin da na samu. Akwatin yakan aika wa ƙofar gabas izini. In bai ji amsa ba bayan ɗan lokaci, sai ya ɗauka saƙon ya ɓata, ya ba ƙofar yamma. Amma saƙo ba ɓata kawai yake yi ba, yakan makara. In izinin farko ya iso bayan ta yamma ta buɗe, ita ma ta gabas buɗewa za ta yi. Don in tabbatar ba zato nake yi ba, na hau babur aka kai ni har ƙofar gabas, na tsaya a kan gefen tafkin na aika wa maigidana saƙo a waya. Sai da na dawo Haɗejiya, na shiga gida na cire takalmi, sannan wayarsa ta yi ƙara.

Sa'adu ya gane nan da nan, fuskarsa ta canza. Yaya Haruna ne bai gane ba, ko kuma ya gane amma abin da ke kansa ya fi yawa. Ya zo gidanmu da safe, ya zauna a kan tabarma bai taɓa shayin da aka kawo masa ba. Da sunan babbar 'yata yake kirana.

"Maman Safiya, abin nan ya taɓa faruwa?"

"Bai taɓa ba, Yaya. Ai ba a kunna ba tukuna."

"Zai faru bana?"

"Ban sani ba. Zai iya faruwa gobe, zai iya shekara goma bai faru ba."

"To alkama kuwa na san ranar da za ta wuce. Ki sa hannu, a gyara ana amfani."

Na ce masa abin da zan sa wa hannu cewa yake ƙofa biyu ba za su taɓa buɗewa tare ba, ni kuma na ga hanyar da za su buɗe. Ya tashi ya saka takalmansa ya ce, "An kawo miki ne don ke ta gida ce." Ya fita.

Na rubuta wa masu tallafin, na roƙa a bar mutane su riƙa juya ƙofofin da hannu kafin a gyara. Ba su yarda ba. Abin da suka amince da shi kawai a ɗaure ƙofar gabas da sarƙa, a yi amfani da ta yamma ita kaɗai. Rabin ruwa ke nan. Gonakin kusa suka samu, na ƙarshen magudana ba su samu ba. Maganar ta zaga gari. A gidan suna, in na shiga sai hira ta canza. Wata tsohuwa da na sani tun ina yarinya ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, an ce ke kika hana ruwa. Me suka yi miki?" Na ce ba su yi mini komai ba, Iya. Ban san yadda zan yi mata bayanin saƙon da ya makara ba.

A shekarar ne kuma ciwon sukari ya gama da idanun Kawu. Allon zaure ya koma nawa ni kaɗai, shi kuma yana kan tabarmarsa jingine da bango. Ni da Sa'adu mun gwada gyara iri-iri, kowane in ya toshe wannan rami sai ya buɗe wancan. Mun ce akwatin ya jira har sai ya ji amsa, sai ya zama duk ranar da layin waya ya ɗauke ruwa ya tsaya ke nan. Mun ce a aika saƙon soke izini, sai ga shi shi ma saƙon sokewar zai iya makara. Kowace yamma nakan karanta wa Kawu abin da muka yi, yana saurare idonsa a rufe.

Wata rana ya ce, "Uwata, kin san kakanki a tashar jirgin Malam Madori ya yi aiki." Ya ce layin ɗaya ne, jirgi mai zuwa da mai tafiya duk shi suke bi. Akwai wani ɗan ƙarfe a cikin ƙawanya da ake miƙa wa direba, ba ya shiga layi sai da shi a hannu. Yana yaro yakan tsaya ya ga mahaifinsa ya miƙa shi sama direba ya cafe. "Ƙarfen nan ba ya zama biyu. Naku izinin yana zama biyu ne don akwatin ya ɗauka ya mutu ya binne shi, shi kuwa yana hanya da ransa. Ku nemo yadda ƙofar da akwatin za su yarda a kan lokacin mutuwarsa, ba tare da sun yi magana ba."

Iyakar abin da ya ce ke nan, sauran mu muka yi. Muka juya tsarin. Ƙofa ce za ta nemi izini, kowace nema da lambarta, kuma daga lokacin da ta nema take fara ƙirga wa'adi. In izini ya iso bayan wa'adin ya cika, ko da lambar da ba ta yanzu ba, matacce ne, ba ta kula shi. In ya iso a kan lokaci ta buɗe, kuma wa'adi na cika ta rufe kanta ba tare da jiran kowa ba. Akwatin kuma daga lokacin da ya ba da izinin yake fara nasa ƙirgen, wanda dole bayan neman ne, ya ƙara ɗan jira saboda agogo biyu ba sa tafiya daidai. Don haka kafin ya ba ɗaya ƙofar, ta farko ta riga ta rufe. A baki gajere ne. A allo ya ci bangon zauren har na koma rubutu a kan takardu, domin sai an bi ta kan ɗaukewar wuta, da na'urar da ta mutu ta farfaɗo ta manta inda take, da saƙon da ya iso sau biyu.

Akwai kuma abin da hujja ba ta iya ɗauka, kuma wajibi ne ka faɗe shi a fili. Hujjata ta dogara ne a kan cewa in an ce wa ƙofa ta rufe, tana rufuwa. Lissafi bai san kacalla ba, ciyawar nan da ta cika mana kogi. In ta maƙale a bakin ƙofa, duk abin da na rubuta ya tashi a banza. Na rubuta wannan da Hausa a shafin farko, na ce dole ƙungiya ta sa mutum mai share bakin ƙofofin kullum.

Kafin mu gama lokacin shukar alkama ya wuce. Na ƙarshen magudana wasu sun shuka a makare suka sami abin da bai taka kara ya karya ba, wasu suka juya zuwa kankana, wasu magidanta kuma suka rufe ɗaki suka tafi cin rani Kano. Na san sunayensu. Ba wanda ya zo daga baya ya ce ashe da gaskiyata, domin babu abin da za a nuna. Gefen magudanar yana nan yadda yake.

Ranar da na kammala, na je da hantsi na karanta wa Kawu hujjar daga farko har ƙarshe. Sau biyu ya tsayar da ni ya ce in maimaita, a wurin bambancin agogo da wurin na'urar da ta farfaɗo. Na kai ƙarshe na ajiye takardun. Sannan ya ce, "Ban ji rami ba."

Tun da na fara, duk aikin da ya fita daga zauren nan sunansa ne a sama, nawa a ƙasa. Na kawo takardar, na sa masa biro a hannu, na kama yatsansa zan kai su wurin. Ya janye hannun.

"Ni ji na yi, Uwata, ban gani ba. Wanda ya gani shi yake sa hannu."

Na sa hannu ni kaɗai. Inna Falmata tana bakin ƙofa tana kallo. Kawu ya rasu da daminar da ta biyo baya, Allah ya jiƙansa. Inna ta ce kada a shafe allon, kuma har yau in aiki ya fi ƙarfin kwamfuta can nake zuwa.

Yaya Haruna ya yi fiye da shekara tsakanina da shi gaisuwa ce kawai. Ya zo ta'aziyya, ya yi addu'a, ya tafi. Ranin da ya biyo baya ƙofofin biyu suka yi aiki, ruwa ya kai har ƙarshen magudana. Bayan an yanke alkama sai ga shi wata Juma'a bayan an sauko, da buhu a bayan babur. Ya sa aka shigar da buhun, ya zauna, wannan karon ya sha shayin. Ya yi hirar kifi da hirar taki da maigidana, sannan ya juyo.

"Maman Safiya, har yau fa ban ga kuskuren nan naki ba."

"Ba za ka gan shi ba, Yaya, in sha Allahu."

"Abin da ba a gani, amma ya ci mana alkamar shekara guda." Ya girgiza kai, ya kurɓi shayi. "To, ga abin da ya kawo ni. Mutanen gangare suna son a ƙara tafki na uku. Sa'adu ya ce ba zai taɓa ba sai kin gani. Masu tallafin kuwa sun ce wannan karon ba sai an duba ba, tun da ƙari ne kawai."

"Kai me ka ce musu?"

"Na ce ni ma ba za a ɗaura ko kusa ɗaya ba sai kin gani." Ya ajiye kofin. "Amma don Allah ki fara tun yanzu, tun ruwan sama bai sauka ba. Kin san ki da nawa wajen aiki."

Na ce ya turo Sa'adu da zanen ranar Asabar.